Abin da Alhaji Ya Bar wa Ƙungiya

Dengfeng, Guangzhou
Farkon watan Mayu

Zuwa ga Yaya Mero,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya ƙafar taki? Ina gaida Malam da yara baki ɗaya. Na san waya ba ta yi miki amfani tunda jin nan ya ragu, shi ya sa na zauna na rubuta. Wani ɗan kasuwar Kwari da zai taso jibi zai kawo miki.

Na sauka lafiya. Wani dattijo ɗan Maraɗi, Alhaji Tankari, shugaban ƙungiyar 'yan kasuwarmu ta nan, shi ya tare ni a filin jirgi ya kai ni wajen wata 'yar garinsu, Hajiya Fasuma mai sayar da abinci. A ɗakinta nake kwana. Ruwa ake yi ba ƙaƙƙautawa, har bango gumi yake, wanki ba ya bushewa. Ga mutane kamar ƙasa, amma ba mai kallon wani. In na shiga kanti na tambayi abu sai a ce mini "meyo", wato babu, a juya kai.

Kin san yadda muka bar maganar. Maigidana marigayi Alhaji ya yi wasiyya cewa shagonsa na kasuwar Canaan da kayan ciki na ƙungiya ne. Malam ya ce abin ya haura sulusi, ragowar sai in magada sun yarda. Ɗanki Huzaifa, babban ɗanmu ni da Alhaji, ya ce a sayar, a cire musu sulusinsu, a kawo sauran gida. Shi an hana shi biza, ni aka ba.

Ba zan ɓoye miki ba, Yaya, da ɓacin rai na zo. Shekara fiye da goma yana garin nan, sau ɗaya muke ganinsa a shekara. A nan ya rasu, a nan aka binne shi, na yi takaba ban ga ko makararsa ba. Sannan abin da ya tara ya ce a ba mutanen da ban taɓa gani ba. Gobe za a kai ni ɗakin ƙungiyar. Ki sa ni a addu'a kada bakina ya faɗi abin da bai kamata ba.

Ƙanwarki,
Sa'adiya

Dengfeng, Guangzhou
Tsakiyar watan Mayu

Yaya Mero,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan wasiƙata ta farko ta iso, kuma kina shan maganinki a kan lokaci. Ni lafiya lau, sai tari kaɗan saboda danshi.

Na je ɗakin. A saman wani tsohon bene yake, bayan masu gyaran waya, sai da na huta a hanya kafin na kai. Na zaci ofis zan tarar. Ɗaki ne kawai da falo, kuma duk abin da ke ciki wani ne ya bayar. Alhaji Tankari ya riƙa dafa kowane abu yana faɗin mai shi. Dardumar ta wani ɗan Damagaram ce da ya koma gida ya makance. Babbar tukunya ta wata Hajiya 'yar Fagge ce, ta bar ta don tuwon Juma'a. Firji na wani ne da ya koma garin Yiwu. Akwai gado guda da wani ya saya don duk wanda ya kwanta ciwo ba shi da kowa. Har butoci da tabarmi suna da masu su. Yawancin mutanen ba sa nan yanzu, wasu takardar izinin zama ta gagare su, wasu sun rasu.

A kan kabad akwai bandir-bandir na farin yadi. Ya ce wannan na Alhaji ne, likkafani ne na duk wanda ajali ya riska a nan. Kuɗin hayar ɗakin ma daga ribar shagonsa yake fitowa tun da daɗewa, shi ya sa ya yi wasiyyar. In shagon ya tafi, ɗakin ba zai daɗe ba.

Ya kuma ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Wai a shekararsa ta farko Alhaji ya yi zazzaɓi a masaukinsa, ya kwanta kwanaki ba wanda ya sani, sai da mai gidan ta zo ta buɗe ƙofa. Da ya warke ne suka haɗu da sauran 'yan kasuwarmu suka kama ɗakin nan. Yaya, a lokacin yana kirana ya ce komai lafiya, kasuwa sai godiya.

Ranar Juma'a na taya Hajiya Fasuma tuƙa tuwo a tukunyar. Mutum huɗu suka zo, duk masu furfura. Suka yi mini ta'aziyya, suka ci suna hira ƙasa-ƙasa. Akwai wani gefen darduma kusa da taga da ba wanda ya zauna. Ban tambaya ba, na gane wurin zaman Alhaji ne.

Jiya Hajiya ta ce zaman ɗaki zai kashe ni, ta ja ni kasuwar Shisanhang sayen kaya. A hanyar dawowa muka shiga wani tsohon gida na ƙungiyar masu saƙar siliki na zamanin da. A bangonsa akwai allunan dutse cike da rubutunsu, aka ce mana har da sunayen waɗanda suka ba ƙungiyar gudummawa. Masaƙan babu su yanzu, sai 'yan yawon buɗe ido suna ɗaukar hoto. Na daɗe a tsaye ina kallon rubutun da ban iya karantawa ba, har Hajiya ta taɓa ni.

An samu mai son shagon, wani ɗan ƙasar. Huzaifa yana ta kira. Na ce masa ya ɗan ƙara haƙuri.

Taki,
Sa'adiya

Dengfeng, Guangzhou
Ƙarshen watan Mayu

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Malam. Na ji an ce ƙafar ta yi sauƙi, Allah ya ƙara afuwa.

Mun yi rashi a nan. Wata mata 'yar Maraɗi, Aicha, ta zo saro mayafai, zuwanta na farko ke nan. Sau ɗaya na gan ta a wajen abincin Hajiya Fasuma, tana dariya tana cewa ta kasa cin abinci da tsinke. Ciwon ciki ya kama ta a otal, kafin a yi wani abu a asibiti rai ya yi halinsa. Ba ta da kowa a ƙasar nan. Danginta ba su da halin ɗaukar gawa zuwa gida, suka ce a binne ta inda Allah ya karɓe ta.

Alhaji Tankari da tsofaffin nan su suka yi ta zirga-zirgar takardu. Da aka zo wanka, mace ɗaya ce ta iya, Hajiya Fasuma, ita kuma hannunta na dama ba ya ɗaguwa sosai. Ta dube ni. Kin san ban taɓa yi ba, ko na Inna ke kika yi. Na shiga. Tana faɗa mini ina yi, na warware mata kitso, na zuba ruwa, na rufe ta. Da aka miƙo likkafanin na gane yadin nan ne na kan kabad. Da hannuna na naɗe ta a ciki.

Bayan an dawo daga maƙabarta aka kira mahaifiyarta, aka ba ni wayar. Tsohuwa ce, muryarta na rawa. Ba ta tambayi kaya ba, ba ta tambayi asibiti ba. Cewa ta yi, "'Yar nan, wa ya wanke mini ita?" Na ce ni ce, Bahaushiya ce ni daga Kano, da wata 'yar garinku. Ta yi ta sa mini albarka har katin ya ƙare.

A ranar na yi wa Alhaji Tankari tambayar da na kasa yi tun zuwana. Ya sunkuyar da kai ya ce shi ne ya wanke Alhaji, shi ya sa shi a kabari. Washegari shi da Hajiya suka raka ni wajen. A gefen wani tudu yake, cikin itatuwa, maƙwabtansa duk 'yan ƙasar ne. Na yi masa addu'a, na faɗa masa yara suna lafiya.

Na yi magana da Huzaifa. Bai yarda ba, ya ce ga karatun ƙannensa, ga gidan da ba a gama ba. Ban matsa masa ba, hakkinsu ne, kuma gaskiya ya faɗa. An sayar da shagon, an ba ƙungiya sulusi. Ni kuma na ce a haɗa musu da tumunin takabata. Na san za ki ce ban yi tunanin gobe ba. Na yi, Yaya. Alhaji Tankari ya ce kuɗin za su riƙe ɗakin 'yan shekaru, bayan nan sai yadda Allah ya yi. Da farko ya ƙi karɓa, sai da na ce masa ba shi na ba.

Ranar Laraba zan taso. Kada a tara mini jama'a a filin jirgi, Huzaifa kaɗai ya isa. Jakar Aicha tana wajena, da 'yan kunnenta da mayafan da ta riga ta saya. An ce a ba direba a Kano ya kai Maraɗi, na ce a'a. In na huta kwana biyu zan shiga mota in kai wa tsohuwar da kaina. Ta ce tana son ta riƙe hannuna.

Ki gaida kowa da kowa. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki,
Sa'adiya