Taken da Ban Buga wa Tanko Ba

Zuwa ga Labbo makaɗi, abokina,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Na san ba za ka karanta wagga takarda ba. Ko kana da rai ma ba karantawa za ka yi ba, tunda har ka koma ga Allah allonka bai wuce inda ka bar shi kana ɗan shekara tara ba. Sai dai in karanta maka, ka riƙa tsaida ni kana cewa in maimaita wurin da ya yi daɗi. To yau babu mai tsaida ni, bari in tafi a hankali.

Gida lafiya lau. Hajo matarka ta koma wurin ɗiyarku a Jangebe, tana tuyar ƙosai a bakin tasha, kuma har yanzu bakinta bai mutu ba. Garinmu na dauri yana nan ƙarƙashin ruwan dam inda ka bar shi. Tudun da anka ba mu kusa da Maradun kuwa tsakuwa ce zalla, gero in ya fito kamar an roƙe shi. Ƙafata ta hagu tana nan da halinta. Amma ba don waɗannan na ɗauki alƙalami ba. Labarin Tanko zan ba ka.

Ka tuna shi yana saurayi, ranar gayyar noma a Damaga, da ya kai kunyarsa ƙarshen gona ya dawo sauran samari ba su kai rabi ba? A tsaye a wurin, kana rataye da ganga, ka tsara masa takensa. Manoma da yawa ka yi wa nasu, kowa da kiɗan da in ya ji sai ya yar da abin da ke hannunsa ya miƙe ya yi kirari. Amma ni da na riƙe maka kazagi shekara talatin, na san ba ka taɓa yin mai daɗin na Tanko ba. Da shi ya yi suna, da shi anka ba shi mata.

Sai aikin dam ɗin Bakolori ya zo. Tanko ya aje galma ya koma jan sarƙar masu awon ƙasa, har anka koma kiransa Tanko Mai Sarƙa. Gonaki sunka tafi, gayya ta mutu, makaɗa sunka watse neman ubangida a ƙofar masu kuɗi. Kai ka ƙi. Ka tsara sabuwar waƙarka, wadda kake kiran gonaki ɗaya bayan ɗaya, da mai ita, da itacen da ke cikinta, da wanda ya gada. Munka riƙa yawo da ita kasuwa-kasuwa, Talata Mafara, Bakura, Maradun. Ba ka zagi kowa a ciki ba. Sunaye kawai ka kira, amma mutane na ji suna cizon leɓe.

Ranar da manoma sunka tare hanyar dam, ba kai ka kira su ba. Kiɗa ka je yi, don kai in mutane sun taru ba ka iya zama gida. Da motocin masu kaki sunka iso, Tanko na zaune a gaban ta farko. Da idona na ga ya miƙa hannu, hannun nan da yake ɗagawa sama in ka buga masa take, ya nuna ka, wai gangarka ce ke tara jama'a. Sunka farke gangar, sunka tafi da kai. Da sunka sako ka, hannun dama ba ya riƙe ko ludayi, ga tari, ba ka ga kakar shekarar ba.

Ga abin da ban taɓa faɗa maka ba. Da motocin sunka tsaya, kai ba ka daina waƙa ba. Ka jefo baiti, ka jira amshi. Ni ne babban ɗan amshinka, kuma na ji ka sarai. Na cusa kazagi cikin riga, na laɓe bayan mutane, na yi gum. Ka waiwayo sau ɗaya. Ka gan ni, Labbo? Duk kwanakin jinyarka ina zaune a gindin tabarmarka ina jiran ka tada maganar. Ba ka tada ba, sai tambayata kake ko an sami fatar akuya mai kyau ta gyaran ganga. Da ka zage ni da na fi samun sauƙi.

To ga abin da ya faru bayanka. Akwai wani Isiya, direban tifa ne a aikin dam. Da anka sallame su ya sayi rikoda ya kafa rumfa a kasuwar Talata. Ƙasar yanzu ta cika da sababbin mawaƙa irinka, marasa ubangida. Mai kukuma, mai garaya, har da wani mai gwangwani da waya, kowa ya tsara abinsa a kan tumatir, da sauron bakin kanal, magudanar ruwan dam, da budurwar da ta bi mai babur. Wasu, in faɗa maka gaskiya, ko akuya ta ji sai ta tsinke igiya. Amma ba su durƙusa wa kowa, kuma Isiya na ɗaukarsu a kaset, direbobi su kai har Gusau da Sakkwato. Kai ka fara hanyar nan, rikoda ce ta makara.

Shi Isiya ya shirya wasa ranar kasuwa bayan la'asar, a filin bayan tasha. Ya zo har gida ya roƙe ni in buga taken tsofaffin manoma kafin in mutu da su. Haka ya faɗa, ko sakayawa bai yi ba. Na sa anka ɗinke gangarka da sabuwar fata.

Tanko ya ji labari. Alhaji ne yanzu, da filayen noman rani a bakin kanal, da tumbi. Ya aiko mini da riga sabuwa fil. Na karɓa, kada in yi maka ƙarya. Na kuma sa ta ranar wasan, don hankalinsa ya kwanta.

An jera tsofaffi a tabarmi, Tanko kaɗai a kan kujera. Na fara daga dama. Na buga na Nomau na Gidan Goga, tsohon ya miƙe tsaye ya manta da sandarsa. Na buga na waɗanda sunka rasu, 'ya'yansu sunka tashi a madadinsu, mata na guɗa daga bayan fili, wasu na share ido. Ina bugu ina matsowa. Kafin in iso gaban Tanko ya riga ya tattare riga, ya ɗago daga kujera, hannu a dunƙule a sama, baki a buɗe zai fara kirari. Na ɗaga hannu. Na dube shi, ya dube ni. Na bar hannun a sama har ana jin ƙarar injin niƙa daga can cikin kasuwa. Sannan na taka gaba, na buga na Jaɓɓi Bafillacen Bakura da ke zaune a gefensa. Tanko ya rasa ko ya ƙarasa miƙewa ko ya koma ya zauna.

Ban san rikoda na ɗaukar shiru ba. Ashe tana ɗauka. Isiya ya so ya goge wurin, na ce masa in ya taɓa shi to ya goge ni gaba ɗaya. Yanzu duk motar da ka shiga daga Mafara zuwa Maradun, in kaset ya kai wurin, kiɗa ya ɗauke sai injin niƙa, fasinjoji su dubi juna, wani ya ce an iso wurin Alhaji. Wanda bai san labarin ba a ba shi tun daga farko. An ce Tanko ya daina shiga motar haya, kasuwar Talata ma sai dai ya aika.

Makon jiya liman ya zo wurina. Tanko ba lafiya, ƙafafu sun kumbura, wai ba abin da yake roƙo sai ya ji takensa sau ɗaya, ko a cikin zaure ne, ko ba kowa. Liman ya yi mini wa'azi mai kyau a kan yafiya. Na saurara har ƙarshe, na ba shi goro. Na ce masa ni Tanko bai yi mini kome ba, har riga ya ba ni. Taken ba nawa ba ne, ajiya ce. Mai abin yana maƙabarta, kuma da alama Alhaji zai riga ni ganinsa, sai ya roƙe shi da bakinsa.

Ka ga laifina? Na san halinka. Da kai ne, da ka rataya ganga ka tafi, kana tafe kana zaginsa, ka je ka buga masa har ka yi kuka. Shi ya sa na gode Allah da ba kai anka tambaya ba.

Abu ɗaya ke damuna. Taken nan yana da daɗi, Labbo. Wani lokaci ina zaune sai in tarar yatsuna na bugunsa a kan gwiwa, dole in danne hannun da cinya kada wani mai kunne ya ɗauka. Mawaƙan Isiya sun yi ta zarya a ƙofata. Na koya musu duk abin da ka bari, har waƙar gonakin, sun ɗauke ta a kaset. Wannan ɗaya ne ban ba kowa ba, kuma ban da ni babu wanda ya rage da ya san shi daidai.

Zan riƙe maka abinka har in zo. In kun haɗu can ka ga damar buga masa, wannan tsakaninku ne. A nan dai, muddin ina numfashi, ba zai ji shi ba.

Ka huta lafiya. Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka.

Ni ne ɗan amshinka,
Ummaru Mai Kazagi, daga kan tudu.