Saƙon Ya Tafi Tsohon Layinka

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara lafiya, ya sa albarka a nema. Mu nan sai godiya. Inna ta samu sauƙin ƙafar, har ta koma faɗan da ta saba, ka san kuwa ta warke.

Yaya, tsutsata ta mutu. Tire arba'in, har da na iri da na ware don su zama ƙudaje su yi mini ƙwai. Shekara huɗu ina kiwonsu a ɗakin baya, masu kifi da masu kaji suna rububinsu saboda gina jikin dabba, kuma da tafin hannu nake gane lafiyarsu. Da ka aiko da kyamarar nan da na'urar auna zafi da danshi, ka ce na huta, in zafi ya wuce kima waya za ta yi ƙara. Ba zan ci amanarta ba, ta yi amfani, daga kicin nake ganin tiren da ya isa kwasa. Har kuri na riƙa yi wa maƙwabta.

Ranar Talata da zan kai Inna asibiti, na cusa hannu cikin dusarsu, na ji zafin ya yi yawa. Na duba waya, shiru. Na ce ai na'ura ta fi ni sani, na ja ƙofa na tafi. Ashe fankar da ke sanyaya ɗakin ce ta tsaya. Da muka dawo da la'asar, wari ne ya tarbe ni tun daga bakin ƙofa. Mai gyara ya duba, ya ce na'urar ba ta yi laifi ba, saƙo goma sha bakwai ta aika, amma zuwa lambar da aka yi mata rajista da ita. Lambarka ce, Yaya, tsohon layin nan da ka yar bara. Kai da mantuwa, har a alherinka sai da ta biyo ka.

Ban riƙe ka a rai ba. Mai kifin da ke kwashe rabin kayana ya koma wurin wani, ya ce kifinsa ba za su yi azumi suna jirana ba. Wanda ya ba ni irin farko ya daina kiwon. Kwana goma ina ajiye jiƙaƙƙiyar dusa a waje ko irin ƙudan da ke haifar tsutsar za su sauka su yi ƙwai, sai na bola kawai ke zuwa. Inna ba ta san zancen lambar ba. Ta ce in ƙara yi maka godiya kan kyamara, ga shi na yi.

Don Allah kada ka aiko da wata na'urar. Abin da ke ci mini rai ba ita ba ce. Hannuna ya gaya mini gaskiya da safen ranar, ni na ƙaryata shi.

Ka gaishe da Anti, da 'yan biyu, da Kawu in kun haɗu.

Ƙanwarka,
Auta