A Gaban Mutane 'Ya'yana Anti Suke Ce Min

Assalamu alaikum, masu kula da wannan shafi da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana. Ina roƙon ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke min hukunci, ni ma na san abin da na yi ba daidai ba ne.

Ina aiki da wata ƙungiya mai zaman kanta a Fagge, muna taimakon iyalan da suka rasa muhalli, waɗanda gobara ta cinye musu gida ko mai gida ya watso musu kaya waje. Muna da gida guda a Sabon Gari inda muke sauke su kafin su farfaɗo. Aikina shi ne in je in ga halin da mutum yake ciki, in dawo in faɗa wa shugabarmu, Hajiya, wanda ya fi cancanta da ɗaki. Abin da na faɗa shi take ɗauka. Doka ɗaya ce ba ta wasa da ita: ma'aikaci ba ya saka ɗan'uwansa. A gabana ta sallami wata da ta saka ƙanwar mijinta.

Mijina ya rasu, tun lokacin nake zaune da yarana biyu a gidanmu tare da mahaifiyata, Inna. Gidan ƙasa ne, ya tsufa. A daminar bana bangon ɗaki ya zube ya ja sauran, Allah dai ya tsare rai. Muka raɓa a gidan wata maƙwabciya, ba a daɗe ba mijinta ya daina amsa gaisuwarmu. Inna ga ciwon suga, ga ƙafa a kumbure. Yayana yana Legas, ko waya ba ya ɗauka. Ban faɗa wa kowa a ofis ba. Da wane baki mai nemo wa mutane wurin kwana za ta ce ita ma ba ta da shi? Kuma ko na faɗa, dokar ai tana nan.

A wannan tsakanin ɗaki ya fita a gidan Sabon Gari. Wadda ke kan layi wata ce Madam Rahila, 'yar wajen Zariya, mai suyar ƙosai kusa da Bata. Gobara ta cinye ɗakinta, tana kwana da yaranta uku a barandar wani shago wajen tashar jirgin ƙasa. Ni da bakina na ce mata duk ɗakin da ya fara fita nata ne. Amma da na shiga wurin Hajiya sai na ji kaina ina cewa na samu wata tsohuwa marar lafiya da jikoki biyu, 'yarta ta zube mata su ta gudu. Hajiya ta ce, "To, ke kika gani, a ba ta." Ko tambaya ɗaya ba ta yi min ba.

Inna ba ta so ba. Ta ce, "Ban ci haƙƙin kowa ina da ƙarfina ba, sai yanzu da na kusa kabari?" Na yi ta kuka har ta haƙura ta bi ni. Na zaunar da yarana na koya musu cewa a gidan nan sunana Anti. Ni kuma na koma kwana a wurin wata ƙawata. Ina zuwa rabon abinci in miƙa wa uwar da ta haife ni ledar shinkafa, in ce sannu Baba, kamar ban taɓa ganinta ba.

Ran nan muna rabo da abokin aikina Bulus, direbanmu, sai ƙaramar 'yata ta rugo ta rungume min ƙafa, ta ce Umma. Ta tuna, ta toshe bakinta da hannu tana kallona a tsorace, kamar ita ce ta yi laifi. Bulus ya ji, da muka shiga mota ya juyo gare ni. Ya ce, "Ba zan kai ki ƙara ba, na san ba don daɗi kika yi ba. Amma ƙaramin yaron Rahila yana asibiti, sanyi ya kama masa ƙirji. Yanzu ni ma kin saka ni a ciki, ba na iya haɗa ido da Hajiya."

Na je asibitin. Wallahi na so Rahila ta zage ni, da na ɗan samu sauƙi. Sai ta tashi ta ba ni kujerarta. Ta ce, "Kada ki damu, na ji wata tsohuwa aka ba ɗakin, ai ta fi ni buƙata. Na san kina ƙoƙari a kaina, kullum kina cikin addu'ata." Yaron yana kwance yana numfashi da ƙyar. Idan an sallame shi, barandar nan za a mayar da shi, ga ruwa bai ɗauke ba.

Shekaranjiya Hajiya ta je duba gidan da kanta. Ta zauna kusa da Inna tana tambayarta ina 'yar tata ta nufa. Inna ta sunkuyar da kai ta ce, "'Yata ba ta gudu ba." Da muka fito Hajiya ta riƙe hannuna ta ce, "Kin ga uwa ko? Har yanzu kare ta take yi. Wace irin 'ya ce za ta yi wa mahaifiyarta haka? Ki nemo min ita, ina son in ga idonta." Na ce to.

Yanzu Inna ta daina cin abincin rabon, ta ce ba ya wuce mata. Babban ɗana ya tambaye ni ko ƙarya ta halatta idan babba ne ya ce a yi. Idan na faɗi gaskiya, aiki ya tafi, ɗaki ya tafi, wataƙila har da aikin Bulus, in kwashi tsohuwa marar lafiya da yara in nufi ina? Idan na fitar da su a ɓoye, nan ma ba ni da inda zan kai su. Idan kuma na yi shiru wani abu ya samu yaron nan, me zan ce wa Ubangijina? Ko sallah na tayar, numfashinsa nake ji a kunnena.

Hajiya tana jiran in kawo mata 'yar tsohuwa, Rahila tana jiran in kira ta da albishir. Jama'a, don Allah, ni yanzu me zan yi?