Faifan Bikinmu Yana Kan Talabijin

Yaya Muhyi,

Na tafi Zawaciki wajen Umma, tuwonka na cikin kula.

Da safe na je wani shagon masu bidiyo a Sharada aka haɗa DVD ɗin bikinmu. Sati biyu ina tsara sunayen da za a jera a menu, shafin zaɓen abin kallo: Kamu, Sa Lalle, Ranar da Na Zama Taka. Mai shagon ya nemi inda muka fito tare don shafin farko. Kaset uku muka duba, babu. Sai muryarka na ji a cikin kaset ɗin kana ce wa ƙaninka Bala ya bi manyan kamfaninku da kyamara. Minti arba'in suna cin kaza, ni kuwa bayan mayafina kawai aka ɗauka.

Na ce a sa hoton manajanka a gaba. Gobe ka kai masa, ai bikinsa ne.

Badi'a