Akwatin Jitar Baba

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Mu ma nan sai godiya.

Kin tuna ɗan akwatin da Baba yake takawa da ƙafa, mai ƙara wa jitar bes ɗinsa kauri kafin sauti ya isa lasifika? Ya mutu murus. Na ce kada ya sayi wani, ni zan haɗa masa. Na samo gwangwanin ƙarfe na huda, na jera kayan a kan allo, na bi su da dalma ɗaya bayan ɗaya. Da farko ƙugi kawai yake yi kamar tsohuwar firji, ashe waya ɗaya ce ban haɗa da jikin gwangwanin ba. Ina haɗa ta ya yi tsit, sauti ya fito garau.

Amma Baba ya dawo da shi, wai muryar a toshe take kamar an rufa mata bargo. Na canza batir, na sake narka kowace mahaɗa, na gwada da mitar awon lantarki. Ban ga komai ba. Ki taya ni da addu'a, shi da abokan kiɗansa sun kusa wasa a wani taro.

Ƙaninki,
Auta

Yayata,

Ina gaishe ki. Yaya jikin ƙaramar? Allah ya ƙara sauƙi.

Akwatin lafiyarsa ƙalau, Yaya. Kunnen Baba ne. Ranar da ya sake kawo shi shagona, na tsaya a bayansa na kira shi, ban yi ƙasa da murya ba, bai waiwayo ba. Na buɗe baki zan faɗa masa, sai na ga yadda yake shafa wuyan jitar, na kasa. Maimakon haka na buɗe gwangwanin na sauya abu ɗaya, ƙarar ta ninka. Ya taka, ya kaɗa, fuskarsa ta washe. Har ya ce wa mai shagon kusa da ni ɗansa injiniya ne.

Tun daga ranar kullum yana ɗaki yana gwaji, lasifika dab da kansa. Umma ta ce kofuna har rawa suke a kan tebur. Ni kuwa ko abinci ba ya mini daɗi. Kada ki gaya mata tukuna.

Naki,
Auta

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa.

An yi taron. Baba na taka akwatin, sai sautin bes ya danne kowa, ba a jin mawaƙi, ba a jin ganga. Mawaƙin ya yi ta ɗaga masa hannu, shi kuwa idonsa a rufe, yana jin daɗinsa. Ƙarshe shugaban makaɗan ya zo ya zare wayar jitar a gaban jama'a. Baba bai zargi akwatin ba. Cewa ya yi hannunsa ne ya yi nauyi.

A hanyar gida na faɗa masa komai, kuma sai da na ɗaga murya a tsakiyar titi kafin ya ji. Bai yi faɗa ba. Ya dai miƙo mini jitar na riƙe masa har ƙofa, abin da bai taɓa yi ba.

Jiya na kai shi wurin likitan kunne. Za a ba shi na'urar ji, kuma an hana shi zama kusa da lasifika. Da Baba ya fita na tambayi likita ko ƙarar da na ƙara ce ta jawo. Ya ce yawancin ɓarnar ta shekaru ce. Yawanci, Yaya. Bai ce duka ba.

Don Allah ki zo ƙarshen mako.

Ƙaninki,
Auta