Daron Baftisma da Idon Baba

Kazaure,
Jihar Jigawa.
9 ga Yuli, 2024.

Zuwa ga Yayana Julius,

Gaisuwa mai tarin yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata takardar nan za ta same ku lafiya, kai da Maman Cynthia da jaririyarmu Cynthia. Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare ku a ƙasar mutane, ya sauƙaƙa maka aikin jinyar da kake yi. Mu ma muna nan ƙalau daidai gwargwado. Damina ta zauna, geron Mama na gonar hanyar Gwiwa ya tasa sosai, sai dai ciwon baya ya hana ta zuwa dubawa. Mijina Godswill yana can makarantar da aka mayar da shi a Babura, daga Juma'a sai Juma'a muke ganinsa, shi ya sa na dawo gida wajen su Mama. Cikina ya shiga wata na takwas, ƙafafuna sun kumbura, amma an ce ba abin damuwa.

Na zaɓi in rubuta ne saboda duk lokacin da ka kira, Baba yana zaune kusa da ni, ba na iya sakin baki. Yaya, hankalina ba a kwance yake ba, kuma hotunan baftismar Cynthia da ka turo ne mafarin zancen. Mu muna ta yaba rigarta, Baba kuwa sai ya karɓi wayar ya ce in ƙara masa girman daron dutsen da aka yi mata baftisma a ciki. Ya kusa manna wayar da idonsa na dama. Na riƙa gaya masa abin da nake gani: kusurwa takwas ne, yana tsaye kan ƙafa ɗaya mai kauri, zakuna huɗu zaune kewaye da gindinta. A jikinsa mala'iku riƙe da garkuwa, tsakaninsu furanni, ganyen inabi ya zagaye bakin, ga murfin katako mai tsini. Na karanta masa bayanin da ka rubuto, cewa ya kusa shekara ɗari shida a wannan cocin ƙauye na Ingila, kuma fuskokin mala'ikun ba tsufa ne ya cinye su ba, wasu mutanen da ba sa son siffofi a ɗakin sujada ne suka farfasa su tun zamanin da. Can ya ce shi shekara arba'in yana magini, ya yi wa mutane gidaje da kwalbatoci, amma a cocinmu cikin robar wanke-wanke ake yi wa yara baftisma, an ɗora ta kan kujera. Ya ce jikan da zan haifa ba za a yi masa a roba ba.

Na ɗauka zancen yini ɗaya ne. Ashe ya riga ya je ya sami Fasto, ya kuma hau mota shi kaɗai ya tafi Roni ya zaɓo dutse. Ranar da tifa ta sauke dutsen a ƙofar gida duk unguwa ta fito, mata suna tambayar Mama ko turmin dakan gari guda za a yi. Tun daga ranar gidanmu ba shiru. Da sassafe ƙarar guduma, da azahar ƙarar guduma, ƙura har cikin tukunyar miya. Abinci sai ya huce a gefensa. In ya zauna minti biyar sai ya miƙe ya koma yana shafa dutsen. Ni ma ya sa mini rashin sukuni, don na san rabin abin da yake bugu ba ganinsa yake yi ba.

Ka tuna maƙwabcinmu Malam Muhammadu Lawal, mai sassaƙa turame da gyaran dutsen niƙa, abokin hirar Baba tun kafin a haife ni. Shi ya taimaka aka fitar da kusurwa takwas ɗin, aka fafe cikin, har da ramin da ruwa zai bi. Amma tun farko ya gaya wa Baba gaskiya. Ya ce dutsen Turawan nan mai laushi ne, ana yanka shi kamar sabulu, namu kuwa na Roni mai taurin kai ne, zai karɓi ganye da layi amma ba zai karɓi hanci da leɓe ba. Ya ce kuma shi ba ya sassaƙa siffar abu mai rai, Baba ya sani, amma ganye da fure ko nawa ake so zai yi. Baba ya ce to shi zai yi mala'ikun da hannunsa. Kwana tara ya yi a kan na farko. Ya fitar da fukafukai, kuma wallahi Yaya sun yi kyau, gashi ɗaya bayan ɗaya. Ranar da ya zo kan fuska sai gudumar ta kuskure, ta sauka kan babban yatsansa, kurfin ƙarfen da yake sassaƙa da shi ya zame, fuskar ta ɓare ta faɗo ƙasa. Na fito da gudu na same shi jini yana ɗiga. Ya yi dariya ya ce mini ai yanzu mala'ikan ya yi kama da na Ingila sak. Amma da na ɗaure masa yatsan, sai ya juya mini baya.

Ga inda matsalar take. Ka san yanar da ke idonsa. Na hagu ya rufe gaba ɗaya, kuma likitan ido na Kano ya ce ta nuna fiye da kima, in aka ƙara jinkiri za ta iya lalata idon har abada. Sun ba shi ranar ashirin da biyar ga wannan wata. Bayan aikin kuma ba shi ba ƙura, ba sunkuyo, har mako shida. Baba ya ce atafau ba ya zuwa sai ya gama daron. Mama ta yi kuka, Fasto ya zo ya roƙe shi, na ce masa ko a kwano aka yi wa ɗana baftisma ta karɓu. Duk bai ji ba.

Ranar Alhamis da ta wuce Malam Lawal ya shigo da zane a kan takardar buhun siminti. Ya zana zangarniyar gero a wani gefe, furen auduga a wani, ganyen kuka ya zagaye bakin, inda zakuna suke kuma ginshiƙai huɗu. Gefen gaba ya bar shi fili, ya ce nan wajen gicciye ne, aikin Baba ne, in idonsa ya buɗe. Yana gama magana ya tattara guduma da kurfuna duka ya zuba a buhu, ya kai gidansa ya kulle, ya ce sai an dawo daga Kano. Baba ya fusata irin fushin da ban taɓa gani ba. Kwana huɗu ba ya amsa masa gaisuwa. Matar Malam Lawal, Inna Saude, ta aiko da fura, Baba ya ce a mayar. Sai ya wuni yana kai da kawowa tsakanin zaure da tsakar gida, hannu a baya, ba aiki ba zama. Shirun ya fi ƙarar gudumar tayar mini da hankali.

Yau da safe ina shara sai ya kira ni zaure, ya ce in nemo masa katin asibiti. Na kawo, ya riƙe yana jujjuyawa. Sannan ya gaya mini abin da ban taɓa ji ba, ban sani ba ko kai ka sani. Ya ce Kakanmu da muka taso muka gan shi makaho a Kagoro, ba haka kawai ya makance ba. Yanar ido ce irin ta Baba, yana ɗan gani, aka kawo wani mai maganin gargajiya ya soke masa idon da allura don ya kawar da ita. Baba yana da shekara goma sha biyar, shi aka sa ya danne masa kai. Daga ranar Kakan bai ƙara ganin komai ba. Baba ya ce shi ba taurin kai yake yi ba, yana so ne ya gama aikin tun yana da sauran ido ɗaya, don bai yarda zai fito daga ɗakin tiyata da gani ba.

Don haka Yaya ina roƙonka, ka kira shi ranar Lahadi bayan sujada. Kada ka yi masa faɗa. Kai ma'aikacin asibiti ne, ka bayyana masa dalla-dalla yadda ake aikin yanzu, da irin tsofaffin da ka gani sun warke, maganarka za ta fi tamu shiga. In ka sami hali kuma ka koma cocin nan ka auno mana zurfin daron da faɗin bakinsa, zai ji daɗi ya san kana cikin aikin. Yanzu dai Baba ya yarda zai tafi Kanon, ya kuma aika a ce wa Malam Lawal ya ci gaba da ganyen, ko da yake har yanzu bai leƙa shi ba. Godswill ya so ya raka shi, Baba ya ce a'a, ni yake so. Na ce masa da wannan cikin? Ya ce ko a bakin ƙofa ne in tsaya, amma kafin a shigar da shi in riƙe masa hannu. Baban da ka sani ne ya faɗi haka, Yaya. Zan je.

Mama tana gaishe ku, ta ce a shafa mata kan Cynthia. Godswill yana gaisuwa. Malam Lawal da Inna Saude sun ce in miƙa tasu, haka ma 'yarsu Khairiyya. Ka gaishe mini da Maman Cynthia da kyau. Ku sa mu cikin addu'a ranar ashirin da biyar. Allah ya sada mu da alheri.

Ni ce ƙanwarka,
Christy.