Jigidar da Kika Bar Mini

Zuwa ga ƙanwata Saude,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ko da yake na san amsa ba za ta zo ba, kuma babu mai kai takarda inda kike. Ko da ranki ma ba ki cika son karanta ajamina ba, kina cewa baƙaƙena ƙanana ne kamar muryata. Duk da haka na jiƙa tawada na zauna, don akwai maganar da na kasa faɗa wa mai rai.

Mutanen gida lafiya. Gero ya yi kyau bana, ba kamar shekarar da kika kwanta ba. 'Yarki Ladi ta kai izu goma, ta kuma fara yin tsayi irin naki. Jar akuyarki ta haifi biyu. Iya, uwar mijinki, ƙafa ta matsa mata. Mijinki Malam Sale yana nan yana awon hatsinsa a kasuwar Maigatari. Wata bakwai ke nan da rasuwarki, bai nemi kowa ba.

Ranar sadakar arba'in Ladi ta miƙo mini wani ƙullin tsumma, ta ce kin ce a ba Yaya Hajara hannu da hannu. Da na dawo Gumel na kwance, sai ga baƙar jigidarki, wadda na zaɓar miki da kaina lokacin bikinki. Saude, me zan yi da jigida? Shekara tara ke nan da rasuwar maigidana. Kina da carbi, kina da mayafi mai kyau, kina da 'ya mace. Me ya sa wannan, kuma me ya sa ni? Tun ranar nake zargin ba kyauta kika bar mini ba.

Bari in faɗa miki abin da ya faru a asibitin Kano, ko da yake ina jin kin riga ni sani.

Kin tuna da muka hau jirgin ƙasa a Gagarawa Tasha, kina riƙe da ƙirjinki duk lokacin da ya girgiza. Likitoci suka ce ciwon daji ne, suka yi miki aiki, suka cire nonon hagu. Ana gobe za a sallame mu, bayan azahar, kika jawo bakin mayafina kika raɗa mini tambaya uku. Ko wannan ciwo yana kama miji. Ko zuwa turaka zai buɗe ɗinkin, ko ya tayar da ciwon. In kuma jira za a yi, har yaushe. Kika ce ni ce mai koya wa matan aure hukuncin haila da wankan janaba, bakina ya saba. Gaskiyarki. A ɗakina, da littafi a gabana, ba na in'ina.

Na tafi da niyyar tambaya, Allah shaida ne. Likitan Ba'indiye ne, ba ya jin Hausa, sai ta bakin tafinta. Tafintan ya ce daga ina muke. Da na ce Gumel, na faɗi unguwarmu, sai ya ambaci sunan Baba, ya ce ai ya sha cin tuwo a zaurenmu. Ya gaishe ni, ya tambayi mutanen unguwa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, to Malama, mece ce tambayar? Na dubi bakinsa, sai na ga kamar duk kasuwar Maigatari ce ta zagaye ni tana saurare. Wa ya san da wa yake hira in ya je gida? Sai na ji kaina ina tambaya ko za ki iya cin yaji da tsamiya. Ya yi dariya, ya faɗa wa likita, shi ma ya yi dariya ya ce ki ci komai.

Na dawo na tarar kin tashi zaune kina jirana. Na ce likita ya ce a dakata. Ban shirya maganar a hanya ba, a bakin gadonki ta fito. Na ɗauka jira ba ya cutar da kowa. Kika ce da bakin wa ya faɗa, tafinta ko sista? Na ce sista. Kika dube ni, kika daɗe kina dubana, sannan kika ce, to, Yaya. Wannan "to" ɗin nake juyawa har yau. Kin ga na dawo da wuri, ko? Kin lura ban kalle ki ba? Ko kuwa kin yarda ne, don ba ki taɓa kama ni da ƙarya ba, ni da ko allurar wani ba na ɗauka sai na tambaya?

Da muka koma Maigatari na zauna jinyarki, sai na sa wa Malam Sale ido. Na ga ba ya shiga ɗakinki, a bakin ƙofa yake tsayawa ya yi miki sannu ya juya. Na ce a raina ƙyama ce. Iya ta ware miki kwano da moɗa, na ce shi ya sa ta. Ya je Gagarawa sayen dawa ya kwana biyu, na bi mata da dabara ina tambaya ko akwai wata bazawara a can. Babu. Na rage masa amsa gaisuwa. Kika ce, Yaya, ki ƙyale bawan Allah, ba ruwansa. Na ce rufa masa asiri kike yi, irin na matan kirki.

Za ki ce ashe na manta da abin da na faɗa miki a Kano? Ban manta ba. Zarginsa ne ya fi mini sauƙi.

Sau ɗaya kika sake tambayata. Ɗinkin ya bushe, kin fara yin shara da kanki. Na zo duba ki na tarar kin sa lalle, ɗakin yana ƙamshin turaren wuta. Kika ce, Yaya, wai dakatawar nan har yaushe ne? Na ce in mun koma ganin likita shi zai faɗa. Muka koma. Tafintan nan dai ne. Likita ya duba ki, ya sa aka tambaya ko akwai wata damuwa a gida. Na ji kin ja numfashi za ki yi magana. Amma kin san yadda muke, in da babba a wuri shi ke amsawa. Na riga ki, na ce lafiya lau, mun gode. Yanzu ina zargin wannan tambayar ita ce ƙofar da ya buɗe miki, ni kuma na rufe. Ban sake ganin lalle a hannunki ba. Ina jin a wancan makon ne kika cire jigidar.

Ranar arba'in ɗin, kafin Ladi ta ba ni ƙullin, Malam Sale ya zo gaishe ni. Ta bayan zana ya durƙusa, kamar yadda ya saba, tunda ni na goya ki bayan rasuwar Inna, a matsayin suruka yake ɗaukata. Ya ce, Yaya, ni dai na riƙe maganar likita wata goma sha huɗu, ban ƙetare ta ba ko sau ɗaya, don kada in tayar mata da ciwon, ga shi bai hana ba. Ya ce wani lokaci kina kallonsa daga gado kamar za ki ce ya shigo, sai ya tuna, ya juya da sauri. Ya ce yana zargin likitan nan ya san ba za ki tashi ba, ya raba ku a banza. Likitan da ba a tambaye shi komai ba sai yaji da tsamiya. Na ce Allah ya jiƙanta. Iyakar abin da na ce ke nan.

A watan jiya Tabawa ta Ɗanzomo, matar ƙanen maigidana, ta kamu da irin ciwonki, aka ce ni na san hanya, in raka ta. Bayan an yi mata aiki na bi baranda ina neman mace. Na sami wata sista ita kaɗai tana wanke hannu. Na juya fuskata ga bango, na yi mata tambayoyinki uku, yadda kika jera mini su. Ba ta yi dariya ba. Ta ce daji ba ya bin shimfiɗa, ba ya bin kwano. Ta ce in ɗinki ya warke, mace kuma ta ji tana so, babu abin da ya hana, in ta ji zafi ko hannu ya kumbura ta zo ta faɗa, akwai abin da za a yi. Na ce to me ya sa ba kwa faɗa wa mata tun kafin su tafi? Ta ce, Mama, tsoro muke yi ku ce ba mu da kunya, jira muke ku tambaya. Kin ji, Saude. Su suna jiranmu, mu muna jiransu.

Ban yarda da ita nan take ba. Na ce ƙila ta ga hawayena ne take lallashina. Washegari na nemi wata sistar dabam, dattijuwa, na sake tambaya kamar ban taɓa ji ba. Amsar ɗaya ce. Sai na kamo hannun Tabawa na kai ta wurinta, na ce ta tambayi duk abin da ke ranta da bakinta. Na fito na ja ƙofar, na yi nisa yadda ba zan ji ba. Sun daɗe. Abin da ya kamata in yi miki ke nan, in kai ki in fita.

Saura Malam Sale. Har yau kwanonki yana rataye a ɗakin Iya, ba mai taɓa shi, Ladi tana girma tana jin ana cewa ciwon uwarta ana ɗauka. Shi kuma yana tsine wa likita a zuciyarsa, yana ganin ya yi miki abin da ya dace. In na yi shiru, zai ci gaba da durƙusa mini a bayan zana har in mutu. In na faɗa, na ƙwace masa ɗan abin da yake rarrashin kansa da shi. Na yi ta tambayar kaina ko tausayinsa ne ke hana ni, ko kuwa tsoron nan ne na gaban tafinta ya sake shiga. Na fi zargin na biyun.

Da baki ba zan iya ba. Shekara goma sha tara ban taɓa kallon fuskarsa sosai ba, balle in yi masa irin wannan magana. Amma yana karanta ajami. Na ce a farko babu mai kai takarda inda kike, haka ne, sai dai tun ina rubutu na gane inda za ta je. Ranar Alhamis zan hau motar Maigatari, in naɗe jigidar a cikin takardar nan, in ajiye a bakin zanar da hannuna, in ce masa saƙonki ne ya makara. In ya daina gaishe ni, da gaskiyarsa.

Jigidar ba tawa ba ce, kin sani. Ta hannuna kika biyo da ita don a hannuna maganar ta tsaya.

Allah ya haskaka makwancinki, ya sa ciwon ya zama kaffara. Ki yafe mini, in ana yafiya a can.

Yayarki Hajara,
wadda kika aika ba ta isar ba.